Takardar Awon Kan Yaya Hamidu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Yaya Hamidu makwancinsa a nan Makka, kuma har yau ban huce ba. Ba da shi kaɗai nake fushi ba, amma shi ma yana ciki, Allah ya jiƙansa.

A ƙafa muka taso daga Katsina, ni da shi. A Sawakin, inda ake tsare alhazai kafin a haye teku, wani Bature ya jera mu a rana yana ɗora mana wani ƙarfe mai kama da awartaki a ka, daga goshi zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne. Da ya zo kan Yaya sai ya daɗe. Tafinta ya ce irin wannan kai ba na ƙasarmu ba ne, kakannin mai shi daga arewa suka gangaro. Ni da muka sha nono ɗaya aka ce nawa na gida ne, in wuce. Yaya ya roƙi takardar awon, Baturen ya yi dariya ya yago masa.

Abin da ke ci mini rai shi ne Yaya maɗinkin hula ne. Kullum cikin zagaya zare a kawunan mutane yake a rumfarsa ta unguwar Mansur, inda mutanenmu suke zaune, ya fi kowa sanin cewa uba da ɗa ma ba lalle su sa hula ɗaya ba. Duk da haka ya ɗinke takardar cikin fata kamar laya, ya ƙudurta a ransa Larabawa ake nufi, shi gida ya dawo. Ya hana a yi Hausa a gidansa. Ya daina zuwa suna da biki. In aka ce masa Takaruni a kasuwa, sunan da Larabawa ke kiran baƙar fata irinmu, ranar ba ya iya cin abinci.

Ni na raka shi neman tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa. Ya farke fatar, ya miƙa da hannu biyu. Magatakarda ya jujjuya ta, ya ce, "Ya Hajj, wannan awon tela ne?" Layi ya ɗauki dariya.

A hanya na ce, "Yaya, don Allah ka yar da ita."

Ya ce, "Ba za ka gane ba, Sale. Kai naka kan daban ne."

Na yafe masa, amma ban manta ba. Da ya rasu, mutanen Mansur ɗin da ya guje wa su suka yi masa wanka, suka ɗauke shi, rabinsu da hulunansa a ka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. 'Ya'yansa biyu sun girma, bakinsu Larabci zalla, kamar yadda ya so. A kasuwa kuwa Takaruni ake kiran su, babu abin da ya sake. In sun zo gaishe ni, daga "ya ammi", wato baffa, sai mu zauna muna kallon tabarma.

A Hajjin bana wani malamin makaranta daga Zariya ya sauka a gidana, na ba shi takardar ya karanta mini. Ya ce babu arewa a ciki, babu kakanni. Lamba ce, sai kalmar namiji, sai awo huɗu.

Na ce, "Ko sunansa babu?"

Ya ce, "Babu, Baba."

Yaya kuwa ba ya auna kan mutum sai ya tambayi sunansa da na ubansa. Hulunan nan su suka rage masa, tsofaffi na ta lallaɓa su duk da sun koɗe. Takardar kuwa na mayar cikin fatarta. Ya kamata 'ya'yansa su san abin da aka raba su da mu a kansa, amma Larabcina na ciniki ne, su kuma ba sa jin Hausa.