Ƙafar da ke kan kulocin motar Yaya

Wallahi jama'a abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Shekara huɗu ke nan, lokacin ina aiki a Gusau, yayana Sani ya rasu, hawan jini. Direban haya ne, Kaura zuwa Shinkafi, wani lokaci Zurmi. Da aka yi rabon gado motarsa ta faɗo hannuna, tsohuwa ce amma injinta lafiya lau, mai giyar hannu.

Sati biyu da fara hawanta sai na riƙa jin wani ƙara daga ƙasa, siririn kuka kiiii, kuma in zan tashi a giya ɗaya sai ta yi ta kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Na kai ta Kaura wurin Baba Mudi, bakaniken da ya saba yi wa marigayi gyara. Ya sa na tada ta a firi, ba a cikin giya ba, ya duƙa ya kasa kunne. Shiru. Ya ce in ɗan taɓa kuloci, ina taɓawa kukan ya taso, ina saki ya ɗauke. Ya ce da ƙaran na fita ne ƙafa a sake, da giyabos ne, wato akwatin giya, amma wannan boris ne, ɗan ƙarfen da ke juyawa in an taka kuloci, kakkarwar kuma faya-fayan kulocin ne, dis da filet, suka cinye.

"Ɗana, kai ma halin yayanka gare ka? Ƙafa kullum bisa kuloci?"

Na ce ni ba na yi. Ya yi dariya ya ce duk direbobin hanyar nan haka suke, ba sa sauke ƙafa, don in an hango mutanen daji a gaba a samu a saka ribas a juya nan take. "Tsoro ke cin boris nan, ba tafiya ba."

Aka canza komai sabo. Wata ɗaya bai cika ba kukan ya dawo.

Na koma raina a ɓace. Ya duba wayar kuloci, ya duba injin sit, wato mazaunin injin, ya tabbatar fedar da ake takawa tana da sararinta, bai ga komai ba. Ya ce to lallai ƙafata ce. Na ce mu hau ya gani da idonsa. Da rana tsaka fa, bayan azahar. Muka ɗauki hanyar Zurmi, na sa giya huɗu, na naɗe ƙafar hagu can jikin kujera. Muna shiga wata kwana mai duhun itatuwa sai kiiii. Muka kalli ƙasa tare, na rantse da Allah fedar ta ɗan nutsa, kamar faɗin yatsa biyu, kuma ba wanda ya taɓa ta. Muna fita fili ta dawo.

Baba Mudi ya ɗago kai ya dubi wurin. Ya ce, "Nan ne Sani ke yin shiru in muna tafe. Wanga ba aikin sifana ba ne, mu koma."

To ga inda abin ya tsaya min a rai. Yayata ta haihu a Shinkafi, Inna mahaifiyarmu ta ce ni zan kai ta suna. Ban gaya mata komai ba. Mun yi nisa, hanya fayau, ba daji ba kwana, sai kukan ya taso da ƙarfin da ban taɓa ji ba, fedar ta tafi har ƙasa, injin na ihu mota ba ta ja. Na gangara gefe, ga tsohuwa a mota, ga wurin ba kowa. Na sa ƙafa na ɗago fedar, ta koma ƙasa. Giya ɗaya ta ƙi shiga. Na gwada ribas, ta shige sumul.

Inna tana jan carbi, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Juya, Auta. Yayanka ya fi ka sanin hanyar."

Na juya. Har Kaura ko ƙis motar ba ta yi ba.

Na yi ta tambaya daga baya, ba wanda ya ce an tare hanya ran nan, motoci sun wuce lafiya. Shi ne abin da ke damuna har yau, ban sani ba ko an tsare mu daga wani abu ne, ko kuwa tsoron bawan Allah ne kawai bai bar motar ba. Tana nan gidan Inna a rufe, ta hana a sayar.

Don Allah in motarka ta fara wannan kukan, ka kai a duba boris tukuna. In an canza ya dawo, ka tambayi wanda ya riƙe ta kafin kai, kuma ka sa direbobin hanyar nan a addu'a.