Hoton da na turo wa Baba Sale

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗumama mota da safen nan aka kira ni daga unguwar Gubaira, wai Baba Sale ya rasu. Na kashe motar, na kasa fitowa.

Ga wanda bai san shi ba, direban tankar ruwa ne a nan Riyadh. Shi ya sauke ni lokacin da na zo, ko iƙama, takardar izinin zama, ban samu ba. Katifarsa ya bar mini, wai bayansa ya fi son tabarma.

Kafin ya zo nan, gadin wani gandun daji yake yi a kan tsaunin Mambila. In ya fara labarin fadamar wurin, shayinka sai ya huce. Inda za ka taka ƙasa ta yi laushi ta tsatso ruwa. Furanni 'yan mitsi-mitsi, ja da ruwan ƙwai, masu buɗewa bayan hazo ya ɗaga. Mazari kala-kala, har ya san wanda ke riga fitowa. Mu dai dariya muke yi: "Baba, fure ake ci?"

Bara da zan je hutu gida, abu ɗaya ya roƙe ni, in hau in ɗauko masa hoton fadamar. Shekarunsa sun ja, rabonsa da ita ya daɗe.

Ban je ba. Hanya ta yi mini nisa, ga hidimar gida. Na tsaya wani lambu a Jalingo na ɗauki hoton furanni na tura masa a matsayin na fadamar. Ya amsa da "Allah ya yi albarka."

Juma'ar da ta wuce muna cin shinkafar kabsa a ɗakinsa, ya jira kowa ya tashi wanke hannu, ya ce a hankali: "Habu, furen nan naka na bakin famfo ne, ba ya rayuwa a sanyinmu. Ba komai. Baɗi ka hau, ka je da hantsi, lokacin mazari ke fitowa."

Kunya ta kama ni, na yi 'yar dariya na canza magana. Wallahi ban ce ya yafe mini ba. Na ɗauka akwai wata Juma'ar.

Bayan La'asar za a kai shi maƙabartar Naseem.

Ya Allah ka gafarta wa Baba Sale, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, dattijo na yi wa ƙarya, kuma yanzu babu wanda zan je in ba haƙuri.