Injin Zarto a Hancin Jirgin Yaya

A shekarun da aka karɓi sunan garinmu aka ba sabon babban birni, mu kuma muka koma Suleja, ni kafinta ne, ina da rumfa a bayan kasuwa. Ban daɗe da aure ba. Yayana, wanda muke ciki ɗaya, ya dawo gida daga Kaduna bayan ya yi shekara goma sha ɗaya yana gyaran injinan ƙananan jiragen sama. Bai faɗi dalilin barin aikin ba, Inna ma ba ta matsa masa ba. Ya buɗe shagon gyaran rediyo kusa da rumfata.

Cikin kayan da ya zo da su akwai wani dogon akwati da ya hana kowa taɓawa. Sai da ya yi wata biyu sannan ya kira ni ya buɗe. Jirgin sama ne na wasa, amma ba irin na yara ba. Idan aka haɗa fukafukansa sun fi tsawon mutum. An yi shi da wani katako mara nauyi kamar totuwar kara, an lulluɓe shi da ƙyalle ja da fari. Akwai kuma wani ƙaramin akwatin ƙarfe mai eriya da sanduna biyu, wanda da shi ake sarrafa jirgin daga ƙasa. Wani Bature da suka yi aiki tare ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Yaya ya ce ya sha ganin jirgin yana wulƙitawa a sama, yana tafiya a kife, kuma Baturen ya koya masa tuƙi har ya ƙware.

"To me ya hana ka tashe shi?" na tambaye shi.

Ya nuna mini hancin jirgin, rami ne kawai. "Ya tafi da injinsa. Ya ce zai aiko mini da wani."

Mun jira wasiƙa har damina ta wuce. Yaya ya rubuta sau uku, ba amsa. Ya je Kaduna, ya je Kano, ya aika Legas, babu wanda ya san inda ake sayar da irin wannan inji. Daga ƙarshe wani mai yankan katako daga wajen Gawu ya kawo mini tsohon zarton inji da sarƙarsa ta lalace. Yaya na ganinsa ya tsuguna, ya juya shi, ya ce wannan zai yi.

Ni dai da na ɗaga shi na san akwai magana. Mun kai shi wurin mai awon nama muka ɗora a sikeli, Yaya ya ce ya ninka nauyin injin asali kusan sau uku. Yaya ya kwance duk abin da za a iya kwancewa: mariƙi, murfi, tankin mai. Ya yi kwanaki yana goge jikin ƙarfen da magagari yana rage shi. Ni kuma na sassaƙa farfela da maɗaci, sai a ta huɗu ya yarda da ita.

Ranar da muka ɗaura injin ya koya mini yadda ake gwada daidaito. Kowa ya sa yatsa ɗaya a ƙarƙashin fiffike, ɗan baya kaɗan daga bakinsa, sai a ɗaga. Jirgi mai lafiya zai tsaya a miƙe. Namu kuwa muna ɗagawa ya dunguri ƙasa da hanci, wutsiya ta yi sama.

Daga nan muka shiga abin da ya ci mana kusan shekara biyu. Mun mayar da baturan da ke cikin jirgin can baya. Na yanke hancin na rage masa tsawo don injin ya matso kusa da fukafukai. Bai isa ba. Yaya ya narka dalmar tsohon batirin mota muka cusa a wutsiya. Jirgin ya daidaita a kan yatsu, amma da muka ɗauke shi sai ka ce an cika shi da yashi. Da muka tayar da injin a tsakar gida, girgizarsa ta ɓalle allon da aka ɗaure shi a kai, kaji suka watse, Inna ta fito da salati. Na yi sabon allo mai kauri. Kaurin ya ƙara wa gaba nauyi, aka ƙara dalma a baya. Ƙafafun jirgin suka lanƙwashe, muka yi na ƙarfe. Duk abin da muka gyara sai ya haifo wani.

Wata rana na ce masa, "Yaya, mu haƙura mana har Allah Ya kawo injin da ya dace. Gaggawar me ake yi?"

Ya ce in rufe ƙofar shagon. Ya ce idanunsa ne suka raba shi da aikin Kaduna. Gefe da gefe na ganinsa yana rufewa a hankali, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likita ya gaya masa abin da ya tafi ba zai dawo ba, saura ma tafiya zai yi.

"Kada Inna ta ji," ya ce. "Ina so in tashe shi sau ɗaya ina gani. Ba ni da lokacin jiran wasiƙa."

Tun daga ranar ban sake yi masa musu ba, ko da na ga aikin ba ya zuwa ko'ina. Na lura ya fara lalube idan ya ajiye sukuddireba. Na lura yana sa ni karanta masa lambobin jikin kayan rediyo, wai rubutun Turawa ya yi ƙanana. Na ƙara wa fukafukan tsawo da katakon rimi don su iya ɗaukar nauyin, duk da Yaya ya faɗa da bakinsa cewa jirgin ba zai ƙara yin wulƙitawar da aka gina shi dominta ba. Ya ce ya dai tashi.

Mun kai jirgin wani fili a hanyar Diko, inda masu aikin titi suka baje jar ƙasa. Bayan la'asar ne, iska ta kwanta. Mu biyu ne, sai wasu mata 'yan Gwari da suka sauke itacensu daga kafaɗa suka tsaya kallo. Na riƙe wutsiya, Yaya ya ja igiya, injin ya kama da ƙara mai kashe kunne. Ya ɗauki akwatin, ya ce in saki.

Jirgin ya yi gudu mai tsawo, har na fid da rai zai bar ƙasa. Dab da ƙarshen filin ya ɗaga, da ƙyar, hancinsa sama yana rangaji. Ya kai tsayin bishiyar ɗorawa. Na ji matan nan sun yi guɗa. Yaya ya karkatar da shi hagu, sai jirgin ya fita daga ɗan abin da idonsa ke iya kamawa.

"Ina yake?" ya ce. "Ina yake? Gaya mini!"

"Hagu, Yaya! Ga shi can sama da ɗorawa!"

Yana ta juya kai, yatsunsa a kan sanduna ba su san inda za su tura ba. Ya miƙo mini akwatin, ni da ban taɓa koyo ba. Kafin in karɓa fiffike ɗaya ya sunkuya, nauyin injin ya ja jirgin ya sako kai ƙasa. Mun ji ƙarar faɗuwarsa a cikin gonar doya.

Injin ya nutse a cikin kunyar doya, ko fulogi bai fashe ba. Sauran kuwa ya zama tarkace, da hannu muka riƙa tsintarsa muna zubawa a buhu. Mai gonar ya zo da faɗa, da ya ga fuskar Yaya sai ya taya mu tsinta. A hanyar dawowa Yaya ya tambaye ni sau ɗaya ko jirgin ya yi kyau a sama. Na ce ya yi kyau. Gaskiya ban sani ba, hankalina yana kansa.

Na yi tayin in sake gina wani da rimi. Ya ce a'a. Bayan shekara ɗaya da rabi ya rufe shagon, domin ya daina bambance wayoyi. Inna ta gano ciwon idon da kanta ranar da ya taka tabarmar sallarta bai sani ba, ta zauna ta yi kuka. Na mayar da shi gidana, na ba shi ɗakin da ke kusa da zaure, a nan ya yi sauran shekarunsa.

Wani lokaci idan ina fiƙe katako a ƙofar gida yakan ce, "Da mun rage hancin nan da wani inci guda..." Sai ya ce a ba shi ruwa.