Kokon Armaya'u

Duk ƙauyenmu Yasore babu wanda bai san Armaya'u da noma ba. Yana aji biyu na ƙaramar sakandare mahaifinsa ya rasu, sai ya ajiye biro ya ɗauki fartanya, ya shiga ƙwadago. Yaro ne siriri kamar karan dawa, amma gonar da ƙarti za su wuni a cikinta, shi kafin La'asar ya nome ta tas. Masu gonaki har rububinsa suke yi. Mu kuwa, manyan banza, sai zuga shi muke, muna kiransa Tarakta.

Mahaifiyarsa Zuwairatu maƙwabciyata ce, kuma ba ta da hira sai tasa. In aka kawo zancen yaran da ke shaƙar sholisho a bayan tasha, sai ta taɓe baki ta ce nata ko sigari bai taɓa kaiwa baki ba. Kuma gaskiya ta faɗa.

Ana tsakiyar maimai a daminar bana, ya yanke jiki ya faɗi a cikin kunyar gona, yana shure-shure, bakinsa na kumfa. A babur muka kai shi asibiti a Batsari, ni na tallabe shi ta baya, uwarsa ta biyo mu. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe idonsa ta duba, ta tambaye mu me yake sha.

"Ba ya shan komai, 'yar nan," in ji Zuwairatu. "Koko ne kawai, sai maganin gajiyar da nake sa mishi a ciki."

Ta kwance bakin zaninta, ta fito da katin ƙwayoyi. Tiramol ne.

Ashe tun daminar da ya fara ƙwadago, da yake dawowa yana kukan ciwon baya, ta sayo a wurin mai tallar magani ran kasuwa. Ɗaya take zazzagewa a koko, ta ƙara sukari. Da ɗaya ta daina yi, ta koma biyu. Shi yaron bai san komai ba, sai dai in bai sha kokon ba jikinsa rawa yake.

Ma'aikaciyar ta yi mata bayani a hankali. Zuwairatu ba ta yi kuka ba. Zama ta yi a ƙasa tana ta goge hannunta da zani.

Bayan La'asar ya farfaɗo. Bai tambayi inda yake ba. Ya juyo ya dubi uwarsa, leɓensa na rawa, ya ce, "Inna, ina kokona?"