Ranar da Injin Wankinmu Ya Shiga Tawaye

Ko zan manta sunan kakana, ba zan manta ranar da na gyara injin wankin matata a Arlit ba.

Lokacin kasuwar uraniyom ta faɗi, kamfani ya sallame mu, fari ya cinye dabbobi, ga ƴan tawaye a kan duwatsu. Abin da na tsira da shi injin wanki ne mai murfi a sama, wanda Baturen sashenmu ya bar mini da zai koma ƙasarsu. Da shi uwargida take wanke kayan malaman lakwal, wato makarantar boko, da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da shi muke cin tuwo. Sai ya fara ƙara, kwaram-kwaram, kamar jaki a cikin tanon ƙarfe na zuba ruwa.

Ta ce, "Maigida, ƙafarsa ɗaya ce ba ta taɓa ƙasa. A sa mata wani abu."

Na ce, "Ke! Ni da na shekara goma sha biyu ina kwance motocin da tayarsu ta fi ɗakin nan tsawo, ke za ki koya mini?"

Na ɗauko kayan aiki na buɗe cikinsa. Me zan gani? Ƙaton dutsen siminti an ɗaure da ƙusoshi! Na ce lallai Nasara sun iya cuta, sun cusa dutse don a ce kaya na da nauyi. Na kwance shi na jefar tsakar gida. Uwargida ta mirgina shi murhu ta ɗora tukunya.

Na zuba kaya, na kunna. Da farko lafiya lau. Da ya zo wajen matse ruwa, jama'a, sai injin ya tashi! Ta-ta-ta-ta! Ya yi tsalle, ya bangaje bokiti, ya nufi ƙofa kamar mai neman motar Assamakka. Maƙwabcina mai shayi ya yi rub da ciki a ƙarƙashin tebur. Mata suka kwashi yara. Ni kuwa na haye kansa na rungume, yana sukuwa da ni, haƙorana na kaɗawa.

A haka sojoji uku suka faɗo gidan, bindiga a ɗane, sun ɗauka harbin ƴan tawaye ne. Babbansu ya dube ni, ya dubi injin, ya ce, "Baba, kai ne ka tayar da unguwa? Sauko, ko mu tafi da ku duka biyun!"

Uwargida ce ta cire wayar wuta. Jin an ce za a tafi da injin, na ƙara ƙanƙame shi, don in ya tafi, tuwonmu ya tafi. Ta ce, "Ku yi haƙuri, ƴaƴana. Makaniki ne." Dariya ta hana su tsayuwa.

Sai da na jira miya ta nuna kafin ta ba ni dutsena. Na mayar da shi baƙi ƙirin, yana ƙamshin daddawa. Ita kuma ta yanko tsohon silifa ta cusa ƙarƙashin ƙafar nan. Injin ya koma yana gurnani a hankali kamar kyanwa, ya ci gaba da ciyar da mu har shekara shida.

Tun ranar na gane: nauyin da kake gani banza ne, wataƙila shi ke riƙe da kai a ƙasa. Kuma in uwargida ta ce ƙafa ce, to ƙafa ce.