Bube Mai Cokali

Shekara talatin ina suyar kifi a bakin dam ɗin Goronyo, kuma cikin duk waɗanda sunka taɓa kawo mini kifi ban ga marar zama kamar Bube ba. Ko tabarma ka shimfiɗa mishi sai ya tsuguna a gefenta, ƙafa ɗaya na rawa, ido na can ƙetaren ruwa. Nakan ce, "Kai ɗan Fulani, ƙaya ke ga tabarmar?" Sai ya ce, "Goggo Ladidi, zama ciwon baya yake sa ni." Kafin in juya kifi a kasko ya miƙe.

Ba laifinshi ba ne. An haife shi a ruga wajen Boyekai shekarar da anka fara zuba dutsen dam. Ruwa ya cinye fadamar da ubanshi ke kiwo, abin da ruwa ya rage kuma anka yanka shi anka raba wa masu noman rani. Tun yana goye suke tashi: Giyawa, bayan Rabah, can wajen iyaka, sannan Shinaka. A Shinaka ne ɓarayin daji sunka kore garken da rana tsaka, har maruƙan da ke ɗaure. Ya iso mashayarmu, nan inda jiragen masunta ke tsayawa, da matarshi Fatimatu, da ɗiya mata biyu, da sandar kiwo wadda ba ta da sauran aiki.

Ba abin da bai taɓa ba. Dashen albasa ya yi kwana huɗu. Ban ruwan shinkafa ya yi mako ɗaya, ya ce ba zai iya tsayuwa yana kallon inji na amai ba. Ya yi dakon buhu a Wurno ya dawo a ƙasa. Jirgi kuwa ko da kuɗi ba ka sa shi ciki, ruwa in ya wuce gwiwa ya zama abokin gaba. Kifin ma ba ya ci, wai ƙarni. Sai dai ya yi ta bin bakin ruwa, daga duwatsun dam zuwa gonakin tumatir ya dawo, har na fara tsoron ko kanshi ya taɓu.

Wata safiya cikin tsananin ɗari ina wanke-wanke bisa duwatsu, hannu ya ƙandare, cokalina ya suɓuce. Ina kallo ya nutse yana juyi yana walƙiya. Na ja tsaki na tsine wa sanyi. Bube na tsugune bisa wani dutse sama da ni.

"Goggo, wani abu ya bi shi."

"Mi ya bi shi?"

"Babba. Ki ara mini wani cokalin."

Na ce Allah ya kiyaye, amma na ba shi. Ya yanke mariƙin, ya bubbuge bakin da dutse har ya kusa shafewa, ya huda shi da ƙusa, ya rataya ƙugiya biyu, ya manna darma a goshi don nauyi. Zaren ya naɗe a gwangwanin madara. Ba tana, ba gaya, ba komi. Ya riƙa wulwula shi kamar majajjawa ya saki, ƙarfen ya tafi can inda ba mai tsammanin jifa daga tudu zai kai.

Ga wanda bai san ruwa ba: in ɗari ya kama, giwan ruwa yakan sauka ƙasa ya lafe tsakanin duwatsu, inda raga ke yagewa in ta je. Watannin nan masunta na dawowa da jirgi wayam, haƙora na kaɗawa, mu masu suya mu wuni muna korar ƙuda a kan 'yan karfasa. Bube ya yi mako uku bai kama ko tsinke ba. Cokula huɗu ya bar mini a ƙarƙashin ruwa, na rantse na biyar ba zai fito daga kwandona ba. Sai ya gane gaggawa ke cutarshi. Ya koma barin ƙarfen ya taɓa ƙasa, ya ɗago shi kamu ɗaya har ya ji yana karkarwa a zare, ya sake shi ya koma a hankali, ya ƙirga numfashi uku. Ya ce kifin ba ya bin abin da ke gudu cikin sanyi, wanda ke faɗuwa yake ɗauka. In wuri bai ba shi ba ya matsa taki goma ya sake jifa, don haka aikin ya dace da ƙafarshi.

Ranar da ya jawo na farko, tsawonshi daga ƙasa har kwankwason Bube, guɗa na yi, ni da tsufana. Shekara biyu ya yi, duk ɗari yana kawo mini giwan ruwa lokacin da ba mai shi. Direbobin Sakkwato sunka koyi tsayawa gabana. Fatimatu ta sa anka gina mata ɗakin ƙasa, na farko a rayuwarta, 'yan matan sunka shiga makaranta. Ta taɓa ce mini, "Goggo, tashi bakwai na yi. In an ce a sake, ban san ko ƙafata za ta ɗauke ni ba."

To, bakina ne ya jawo. Ni ba na iya ganin abin dariya in haɗiye. Maigandi babban masunci ne, su gado ya yi tun kakanni, jirage uku gare shi, kuma wata goma na shekara kifinshi nake soyawa. Ran nan ya fito ruwa da 'yan tarwaɗa biyar, na ce gaban jama'a, "Tir! Ku Sarkawa masu gadon su da jirage, ɗan Fulani da cokalin shan koko ya tashe ku tsaye." Anka yi dariya. Shi bai yi ba.

Kwana biyu magana ta zagaye mashaya: wai Bube ya ɗaure ruwa. Wai ba cokali ba ne, asiri ne ke janye kifi daga ragar mutane zuwa gare shi, in ba haka ba wane kifi ke cin ƙarfe? Na ce da Bube kada ya damu, hassada ga mai rabo taki ce. Ya ce, "Goggo, ba ki san yadda ake korar mutum ba. Ni na sani." Ya fi ni gaskiya. Duk wanda anka kora da sunan ɗaure ruwa, ba mashayar da za ta karɓe shi daga nan har Wurno.

Anka kai ƙara gun Ƙasimu, sarkin ruwan mashayarmu, dattijo mai son gaskiya. Ya ce gani ya kori ji. Za a kawo cokali daga gidan sarkin, Bube ya ƙera gaban kowa, wani hannun dabam ya jefa, daga hantsi zuwa kiran azahar. In kifi ya ci, sana'a ce, Bube ya zauna. In bai ci ba, ya bar bakin ruwan. Sarki ya tambayi Bube wa yake son ya jefa. Ina ta yi mishi ido ya zaɓi wani na kirki, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya faɗa shi ya jefa." Kai! Wato Maigandi, don daga bakinshi maganar ta fito. Ji na yi kamar in kwaɗa wa Bube matsamin kifi.

Ranar gwajin sanyi ya yi sanyi, ruwa ya yi baƙi ƙirin. Ba wanda ya shiga jirgi, kowa na bisa duwatsu. Bube ya ƙera cokalin, ya nuna wa Maigandi komi bai ɓoye ba: inda zai jefa, yadda zai bari ya kai ƙasa, ɗagawa, sakewa, da yadda zai fizga in ya ji an taɓa. Sannan anka ce ya ja baya. Ya kasa tsayawa wuri ɗaya, yana kai da kawowa bayan mutane, hannu cikin hammata.

Ni ina kusa da Maigandi, don na kai mishi garwashi a kasko ya ɗumama hannu. Wajen jifa na ashirin na ga zaren ya yi tsalle, yatsanshi ya motsa. Maimakon ya fizga sai ya saki zare ya yi sako-sako, ya yi tari. Na ce ko idona ne. Da rana ta ɗaga ya sake faruwa, wannan karon har zaren ya tafi gefe ya dawo. Na juya, sai ga Bube ya daina tafiya, ya tsura wa zaren ido. Shi ma ya gani.

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na tuna ɗari wata biyu ne, sauran watannin wa zai ba ni kifi? Na tuna jikokina huɗu da ke cin abin da kaskon nan ya samo. Ni Ladidi, da ba a taɓa rufe mini baki a kasuwa ba, na duƙa ina gyara garwashi.

Anka kira azahar ba a kama ko ɗaya ba. Ƙasimu bai ji daɗi ba, kowa ya ga haka. Ya ce, "Bube, kana da magana?" Sau biyu yana tambaya. Kalma ɗaya za ta sa a sake gwajin da wani hannu. Amma Maigandi sa'ar babban wanshi ne, kuma Bafulatani irin Bube ya gwammace ya kwana da yunwa da ya ƙaryata babba cikin taro. Ya ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Sunka tashi ran Laraba bayan asuba. Fatimatu ba ta zo sallama ba. Bube ya zo, bai tsuguna ba ma, ya ce in yafe mishi cokulan da ya zubar mini. Na cika leda da soyayyen kifi na ba shi don yara, na kasa kallon fuskarshi. Wasu sun ce sun gan shi yana tura baro a Acida, wasu sun ce ya ƙetare iyaka. Har yau ban san gaskiya ba, kuma abin na cina.

Da ɗari ya zagayo, wata safiya sai ga Maigandi da giwan ruwa a kafaɗa, ya sauke gabana. Wandonshi a bushe. Na duba jikin kifin, ba shaidar raga ko ɗaya, sai 'yar hudar ƙugiya a leɓen ƙasa.

Na ce, "Maigandi, tsakaninka da Allah, sau nawa kifi ya taɓa ran gwajin nan?"

Ya ce, "Uku."

"Azzalumi! Biyu na gani da idona."

Ya ɗago ya dube ni. "Ashe ke ma kin gani, Inna."

Na jawo wuƙa na fara kankare ɓawon kifin.