Angurya a Kunnen Maharazu

Shekara goma sha tara Maharazu ya yi yana niƙa a Sheme, a wata rumfar kwano ta bakin titi. Bai taɓa kiran makaniki ba. Da kunne yake gyaran injinsa: in bel ya saki, ko mai ya yi ƙasa, daga sauti yake ganewa tun kafin abin ya ɓaci. Kunnen kuma ɗaya ne tak, na dama, don na hagu ƙarar injin ta cinye shi tuntuni.

To, ka san yadda bawan Allahn nan yake tattalin wannan kunne guda? Kullum da safe sai ya yagi audugar gonarsa, wadda ko gurzarta ba a yi ba, ya murza da hannu mai baƙin mai, ya cusa. Da yamma ya zaro abin da ya zaru. Abin da ya maƙale kuwa ya bi shi da tsinken ashana, yana lumshe ido don daɗi.

Bara da kaka kunnen ya fara zugi. Matarsa Larai ta ce a tafi asibiti, ya ce shi ba rago ba ne. Ya ɗiga ruwan albasa. Ya ɗiga man shanu. Da Gide mai facin taya ya rantse masa cewa man birki ba ya ƙarya, shi ma ya ɗiga, Allah wadaran wannan shawara! Kwana huɗu sai ga mugunya tana bin wuyansa, ruwan ɗorawa, ga ɗoyi kamar ɓera ya mutu a rumbu. Ƙuda suka samu gida. Matan da ke kawo niƙa suka fara toshe hanci da gefen hijabi, shi ko ya share kunnen da yatsa ya koma yana tura masara da yatsan nan. Tir! Ɗaya-ɗaya suka janye kwanukan niƙansu.

Ranar da Larai ta jefar da matashin kansa da mugunya ta ɓata a bola, ta tsaya a kansa.

"Malam, wallahi yau ko ka tahi asibitin Faskari ko ni in tahi gidanmu. Mi kake jira, tsutsa?"

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta haska kunnen, ta kau da kai, ta sake haskawa. Ta sa hantsaki ta dinga zaro baƙar auduga curi-curi. Can ƙarshe ta fito da angurya, ƙwayar audugar nan, ta sha mai da ruwan albasa ta kumbura, har ta tsage.

"Baba, wannan ce ta fara kawo ciwon," in ji ta, da ƙarfi. "Amma tsinke da man birkin sun huda dodon kunnen. Wataƙila ya haɗe, wataƙila a'a."

Bayan wata biyu ruwan ya tsaya, warin ya tafi. Maharazu ya buɗe rumfa ya tada inji. Yana ganin bel na juyawa, yana jin ƙasa na rawa a tafin ƙafarsa, amma sautin can nesa yake, kamar daga wani gari. Ya matsa, ya karkata kai, ya kusa manna kunci da ƙarfe. Sai ya yafito Larai, wadda ta kawo masa fura.

"Saurara mani," ya ce. "Mi yake cewa?"

Ta kasa kunne iya ƙoƙarinta. Sannan ta kai baki daidai kunnensa.

"Malam, ƙara dai yake yi."